Sayen gida a Birnin Zariya: Yadda ake zaɓen dillali, da abin da ya kamata a tabbatar kafin kuɗi su bar hannu

Wanda ya yi niyyar mallakar gida a cikin ganuwar Birnin Zariya da wuya ya ci karo da allon talla a ƙofar zaure. Cinikin gida a birni a baki yake tafiya. Iyalai da yawa suna jin nauyin a ji cewa sun sa gidan iyayensu a kasuwa, saboda haka sai su raɗa wa dillali, shi kuma ya nemo mai saye cikin sirri. Wannan ne ya sa kusan duk mai neman gida a Kwarbai, ko Kaura, ko Limancin Kona, ko Unguwar Juma, ta hannun dillali yake shiga.

Abin da ake sakawa a wannan ciniki ba ƙarami ba ne. Ga ma'aikaci, kuɗin sallamarsa ne bayan shekara 35 yana aiki. Ga bazawara, rabonta ne na gado. Kuskure ɗaya kan iya mayar da su shekaru na zaryar kotu. Wannan bayani ya tattaro abin da mai saye ke bukatar sani game da dillalan gidaje, da al'adar mallaka a birni, da abin da shari'ar Musulunci da dokar ƙasa suka tanada.

Dillali iri nawa ne?

Dillanci tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, har tana da sarautarta a kasuwanni, wato Sarkin Dillalai. Aikin dillali shi ne haɗa mai kaya da mai saye, ya sasanta su a kan farashi, ya karɓi la'adarsa. A harkar gidaje a yau, mai saye zai gamu da rukuni uku.

Na farko shi ne dillalin unguwa. Ba lallai ne yana da ofis ba, amma ya san gida-gida, ya san wanda ya rasu da wanda ya bari, ya san gidan da aka raba gadonsa da wanda ake jayayya a kansa. Jarinsa sunansa ne. A cikin birni shi ne ya fi kowa amfani, in an dace da mai amana.

Na biyu su ne masu ofis da rajista. Daga cikinsu akwai ƙwararrun masu ƙiyasta darajar gidaje da filaye, waɗanda hukumar ESVARBON, da aka kafa da doka mai lamba 24 ta 1975, ke yi wa rajista, suna kuma da ƙungiyarsu ta NIESV tun 1969. Waɗannan suna da lambar rajista da za a iya bincika, da hukumar da za a kai ƙararsu. Sai dai aikinsu ya fi karkata ga gidaje masu cikakkun takardu, irin na Sabon Gari da Samaru da unguwar GRA, fiye da gidajen lungunan birni.

Na uku su ne 'yan kayi-na-yi. Ba su san mai gida ba, ba shi ya ba su ba. Sun ji ne daga wani, wanda shi ma ya ji daga wani, kowa kuma yana ɗora nasa a kan farashi. Yanzu da yawansu sun koma Facebook da WhatsApp, suna yaɗa hoton gida ɗaya da farashi daban-daban. Ba dukkansu ne macuta ba, amma babu ɗayansu da zai iya ɗaukar alhakin cinikin idan ya lalace.

Abin da ya bambanta birni da bayan ganuwa

A Tudun Wada ko a sababbin unguwannin da ke bayan Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana, tambayar farko da ake yi ita ce: ina takarda? A cikin birni tambayar farko ita ce: su wane ne masu gidan?

Dalili kuwa shi ne, mafi yawan gidajen birni na gado ne, sun bi ta hannun kakanni da iyaye ba tare da an taɓa rubuta komai ba. Masanin gine-gine Friedrich Schwerdtfeger, wanda ya yi nazarin gidajen Zariya ya wallafa littafinsa a 1982, ya nuna yadda gidan birni ke faɗaɗa yana tsukewa gwargwadon yadda iyali ke ƙaruwa ko raguwa. Gida ɗaya mai zaure ɗaya kan ƙunshi sassa huɗu ko biyar, kowane sashe da mai shi. Mutumin da ake kira maigida, wanda ke zaune a zaure yana karɓar baƙi, sau da yawa babba ne kawai a cikin magada. Girmansa bai ba shi ikon sayar da rabon 'yan'uwansa ba.

A nan ne yawancin rikice-rikice ke tsirowa. Akwai 'yar'uwar da ke aure a Kano ko Funtuwa ba a shawarce ta ba. Akwai matar mamaci da ba a fitar mata da tumuniyarta ba. Akwai marayun da mahaifinsu ya gaji rabonsa sannan ya rasu, rabon ya zama nasu. Akwai wanda ya yi shekaru a Legas ko Makka, aka ɗauka ba zai waiwayo ba. Kowane ɗaya daga cikinsu yana iya tayar da maganar bayan mai saye ya rushe kango ya zuba kuɗinsa a sabon gini.

Sai kuma hakkin shufa'a. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'a a Arewa ke bi, idan mutane sun yi tarayya a gidan da ba a raba ba, ɗaya ya sayar da kasonsa ga bare, abokin tarayyarsa na da ikon biyan kuɗin da aka saya ya karɓe kason. Wannan hakki na abokin tarayya ne. Maƙwabci ba shi da shi a wannan mazhaba. Yana faɗuwa da zarar an raba gida an fitar da iyakoki, haka nan idan mai hakkin yana gari, ya san da cinikin, ya yi shiru har shekara ta wuce. Ma'anarsa ga mai saye ita ce, sayen sashe a gidan da ba a raba ba ciniki ne mai raga, sai in sauran masu tarayya sun furta a gaban shaidu cewa sun yafe.

Akwai kuma gidajen da wanda ke ciki ba shi ne mai su ba: gidan aro da aka ba malami ko bara ya zauna har 'ya'yansa suka tashi suna ɗaukarsa nasu, gidan da ke hannun jingina, da gidan wakafi da aka keɓe wa masallaci ko makarantar allo. Daɗewa a gida ba ita ce mallaka ba.

Abin da dokar ƙasa ta ce

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, amana ga jama'a. A Arewa wannan ba sabon abu ba ne, domin dokar Turawan mulki ta 1910 da Dokar Mallakar Ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 sun riga sun shimfiɗa irin wannan tsari. Abin da mutum ke saya a idon doka shi ne ginin da kuma hakkin zama a filin.

Sassa uku na dokar sun shafi mai sayen gida a birni kai tsaye. Sashe na 34 ya ce wanda ke riƙe da ginannen wuri a cikin gari kafin dokar ta fara aiki, za a ɗauke shi tamkar gwamna ne ya ba shi. Saboda haka rashin takardar shaidar mallaka, wadda aka fi sani da C of O, ba ya nufin tsohon gidan birni haramtacce ne. Sashe na 22 ya wajabta neman amincewar gwamna kafin a sayar ko a jinginar da irin wannan hakki, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ɓatacce ne. A shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989, Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa sharaɗin amincewar gwamna ya hau har kan waɗanda suka mallaki wurarensu tun kafin 1978.

A Jihar Kaduna, hukumar KADGIS, wadda aka kafa da dokar 2015, ita ke riƙe da rajistar filaye, ita ke ba da takardar mallaka, a wurinta kuma ake binciken matsayin fili. Hukumar KASUPDA ita ke ba da izinin gini, ita ke rushe wanda ta ce ya saɓa ƙa'ida. Mutanen Zariya sun ga abin da hakan ke nufi. A 2015 an rushe gidajen da gwamnati ta ce sun shiga filin Kwalejin Alhudahuda, a 2021 kuma aka yi rusau a unguwar Graceland, a filin da aka ce na Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ne. Ko mene ne ra'ayin mutum game da waɗancan matakai, darasinsu ga mai saye ɗaya ne: gidan da ke jingine da makaranta, ko asibiti, ko maƙabarta, ko jikin ganuwa, wadda ke cikin kayan tarihin da hukuma ke karewa, yana bukatar bincike ninki biyu.

Yadda ake gane dillalin kirki

Matakin farko shi ne binciken dillalin kansa kafin binciken gida. A tambayi liman da mai unguwa da dattawan inda yake zaune. A nemi ya ambaci cinikayya biyu ko uku da ya ƙulla a shekarun baya, a je a ji ta bakin waɗanda suka saya. Dillalin da ya daɗe a sana'a ba ya jin haushin wannan, domin shi ma ya san da sunansa yake ci.

Bayan haka akwai tambayoyin da amsarsu ke bayyana mutum:

Wa ya ba ka gidan nan? Dillalin gaskiya zai faɗi suna, zai kuma yarda ya haɗa mai saye da mai gida ido da ido. Wanda ya ce mai gida ba ya son a gan shi, ko yana tafiya amma ya bar masa wuƙa da nama, yana tallan cinikin biri a sama ne.

Ta yaya mai gidan ya same shi? Idan saye ne, ina takardar cinikin baya, su wa suka shaida? Idan gado ne, an raba ko ba a raba ba? Wa ya raba, malamai ko kotu? Magada nawa ne, ina kowannensu yake?

Dillalai nawa ne a tsakani? Kowane ƙarin mutum ƙarin kuɗi ne, kuma ƙarin nisa ne tsakanin mai saye da gaskiyar magana.

Mene ne aibin gidan? Babu tsohon gidan da ba shi da aibi. Wanda ya ce babu ko ɗaya, ko dai bai san gidan ba, ko yana ɓoyewa. A fikihu, ɓoye aibin da aka sani yana ba mai saye damar mayar da ciniki, kuma alhaki yana kan wanda ya ɓoye.

Ka yarda in zo da lauyana da maginina? Wannan ita ce tambayar da ta fi rarrabe dillalai. Mai amana yana maraba da shaidu, domin suna sauke masa nauyi.

Akwai halayen da in an gan su ya kamata a ja da baya. Akwai gaggawa, wato a ce wani Alhaji na tafe da kuɗi gobe da safe. Akwai kawo masu tayin ƙarya su ɗaga farashi, abin da malamai ke kira najashi, wanda shari'a ta hana. Akwai neman a kai ziyara da daddare ko a ce kada a yi magana da maƙwabta. Akwai kuma farashin da ya faɗi ƙasa da na gidajen da ke kewaye ba tare da dalili ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

La'ada: a yanke ta tun farko

La'ada halal ce, lada ce ta aikin da aka yi, amma sharaɗinta shi ne a san adadinta. Abin da aka fi ji a cinikin gidaje a Najeriya shi ne kashi 5 cikin 100, wani lokaci har zuwa 10, kuma abu ne na sasantawa. A gidan naira miliyan 12, kashi 5 ya kama naira 600,000, kuɗin da ya isa a zauna a yi magana a kansa kafin a taka ƙofar gida.

Abubuwa huɗu ake so a fayyace, a kuma rubuta: nawa ne, wa zai biya tsakanin mai saye da mai sayarwa, yaushe za a biya, kuma ya haɗa da sauran dillalan da ke cikin cinikin ko bai haɗa ba. Mafi aminci shi ne a biya bayan an sa hannu an karɓi makulli.

Ya kamata mai saye ya tuna cewa dillali ba ya samun komai sai ciniki ya faɗa, kuma la'adarsa na ƙaruwa da ƙaruwar farashi. Wannan ba laifi ba ne, yanayin sana'ar ne. Amma shi ya sa ba a mai da dillali alƙalin cinikin da yake da rabo a ciki. Haka nan akwai ɗori, inda mai gida ya ce miliyan 10, dillali ya faɗa wa mai saye 12 ya riƙe bambancin. Maganinsa shi ne a ji farashi daga bakin mai gida, a gaban dillalin.

Binciken da ba a wakilta wa dillali

Zuwa da kai ya fi aike. Akwai ƙofofi biyar da mai saye zai ƙwanƙwasa da kansa.

Ta farko, maƙwabta na kowace kusurwa. Su suka san iyaka, suka san katangar da ta haɗa gida biyu ta wace ce, suka san inda indararo ke zuba da inda kwata ke bi. A birni, inda lungu kan ƙare a ƙofar gida, ya zama dole a tabbatar cewa hanyar shiga ta jama'a ce, ba alfarmar maƙwabci ba.

Ta biyu, mai unguwa. Tsarin masarautar Zazzau, daga mai unguwa zuwa dagaci zuwa hakimi, shi ne rumbun tarihin gidajen birni. Shaidarsa tana da nauyi wajen sanin asali da rikicin da ya gabata. Sai dai sa hannunsa shaida ce, ba ta maye gurbin rajistar gwamnati.

Ta uku, kotu ko malaman da suka raba gado. Idan kotun shari'a ce ta raba, akwai kwafin hukunci da takardar da ta nuna rabon kowa. A je a tabbatar da su a rajistar kotun. Idan akwai marayu a cikin magada, a nemi izinin alƙali kafin a taɓa rabonsu.

Ta huɗu, KADGIS. Idan gidan yana da C of O, a sa lauya ya bincika ko sunan da ke jiki ya dace da na rajista, ko an jinginar da shi a banki, ko akwai bashin harajin ƙasa. Idan ba shi da ita, a tambayi ko wurin ya faɗa cikin filin gwamnati ko shirin faɗaɗa hanya.

Ta biyar, magini. Ginin ƙasa yana daɗewa idan ana yi masa yaɓe, yana kuma cin amana idan aka yi sakaci. Ruftawar wani ɓangare na Babban Masallacin Juma'a na Zariya a watan Agustan 2023, ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya tsaya tun wajajen 1830, ta tuna wa kowa wannan. A sa wanda ya san aikin soro ya duba azara ko gara ta ci ta, ya duba gindin bango, ya duba ko siminti aka shafa a kan tubalin da ya jiƙe. A auna nisan rijiya da masai. A tambaya ko wurin tsohon kududdufi ne da aka cike da shara. Wanda ya samu hali ya ga gida a tsakiyar damina, musamman a watan Agusta, ya ga ainihinsa. Kada a manta da bashin wutar lantarki da kuma 'yan haya, in akwai su, da lokacin da kuɗinsu zai ƙare.

Ranar ciniki

Idan an kai ga sallamawa, a taru a wuri ɗaya da rana: mai saye, duk masu hakki ko wakilansu da rubutacciyar wakilci, dillali, mai unguwa, maƙwabta da shaidun kowane ɓangare. Matan da ke cikin magada a ji yardarsu daga bakinsu, ko da a bayan labule ne, kada a wadatu da cewa yayansu ya yi magana a madadinsu.

Takardar ciniki ta ƙunshi sunayen masu sayarwa duka, da iyakokin gida gabas da yamma, kudu da arewa, da farashi, da yadda aka biya, da ranar miƙa makulli. Idan an ba da kafin alƙalami, a rubuta makomarsa in ciniki ya warware. Kuɗi su tafi ta banki zuwa asusun mai gida, ba na dillali ba. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ma ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi fiye da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba, kamfani kuma miliyan 10.

Daga nan sai lauya ya rubuta takardar miƙa mallaka, safiyo ya auna wurin, a biya kuɗin hatimi, a nemi amincewar gwamna da rajista a KADGIS. Mutane da yawa kan tsaya a takardar mai unguwa don gudun kashe kuɗi, sai su bar wa 'ya'yansu irin matsalar da su suka sha wahalar kaucewa. Wanda zai rushe ya sake gini kuma ya nemi izinin KASUPDA kafin ya sa diga.

Idan rikici ya taso

Hanyar farko a birni ita ce sulhu ta hannun mai unguwa da dattawa, har zuwa gaban hakimi. Jayayyar gado da ta shufa'a kotun shari'a ake kai su. Jayayya a kan hakkin mallakar da ke ƙarƙashin ikon gwamna kuwa, sashe na 39 na dokar 1978 ya ba Babbar Kotun Jiha hurumin sauraronta. Idan zamba ce tsagwaronta, kamar sayar da gida ɗaya ga mutum biyu, magana ce ta 'yan sanda ko hukumar EFCC. A kowace daga cikin waɗannan hanyoyi, abin da za a fara tambaya shi ne takarda, da shaidu, da shaidar biyan kuɗi ta banki. Wanda ya tanade su tun ranar ciniki shi ne ke da abin faɗa.